Gidajen tarihin ƙasar Sin: ina zan je, kuma me zan gaskata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne daga Kano, nakan je Guangzhou sarin kaya. Ina son sanin yadda ƙasar Sin ta tashi daga hannun Turawa da Japan ta kai inda take yau. Waɗanne gidajen tarihi zan shiga, kuma abin da zan gani a ciki abin dogaro ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi sa'a, domin labarin da kake nema a ƙofar masaukinka ya faro.

Fara da Humen, a yankin Dongguan, bakin Kogin Lu'ulu'u. A nan ne a watan Yuni na 1839 wakilin sarki, Lin Zexu, ya hallaka ofiyom, ƙwayar mayen da fataken Ingila ke shigowa da ita, akwati wajen 20,000. Ba ƙonawa ya yi ba. Ramuka aka haƙa, aka zuba ruwa da gishiri da farar ƙasa, ƙwayar ta narke aka kora ta teku. Wurin ramukan yana cikin harabar gidan tarihin, kuma a gaɓar kogin akwai ganuwa da tsofaffin igwa. Ingila ta mayar da martani da yaƙi, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Nanjing ta 1842, ta karɓe tsibirin Hong Kong. Daga nan Sinawa ke ƙirga abin da suke kira ƙarnin wulaƙanci, kuma duk gidan tarihin da za ka shiga bayan wannan, a kan wannan ciwon aka gina labarinsa.

Sai makarantar soja ta Whampoa, a tsibirin Changzhou cikin Guangzhou. Ni a ganina ita ce mafi amfani ga mai tambaya irin taka. Sun Yat-sen, jagoran jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang, ya buɗe ta a 1924 da taimakon Tarayyar Sobiyet. Kwamandanta Chiang Kai-shek ne, shugaban sashen siyasarta kuwa Zhou Enlai. Na farko ya ƙare a Taiwan bayan 1949, na biyu ya zama firaministan gwamnatin Kwaminis. Ka tsaya a ɗakin kwanan ɗaliban ka dubi gadajen da aka jera kusa da kusa: samarin da suka kwana a irinsu su ne daga baya suka ja rundunoni suna harbin juna a yaƙin basasa tsakanin Kuomintang da 'yan Kwaminis. Ginin dai ba na asali ba ne, jiragen Japan sun rushe shi a 1938, aka sake gina shi a 1996.

In kana da kwanaki, jirgin ƙasa mai gudu zai kai ka Beijing cikin awa takwas ko abin da ya ɗan ɗara. Can akwai Gidan Tarihin Soja na Juyin Juya Halin Jama'ar Sin, wanda aka buɗe a 1960, har tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sunansa gare ta. Za ka ga tankokin Amurka da aka ƙwace a yaƙin Koriya, da jiragen MiG, da tarkacen jirgin leƙen asiri U-2 da aka harbo. Nemi wata ƙaramar tanka ƙirar Japan da suke kira Gongchen: ganima ce, kuma ita suke ɗauka a matsayin tankar farko ta rundunarsu. Ita kaɗai ta isa ta nuna maka da wane irin talauci na makami suka soma. A gefen dandalin Tiananmen kuma akwai Gidan Tarihi na Ƙasa, inda a 2012 Xi Jinping ya zagaya baje kolin Hanyar Farfaɗowa ya yi maganar mafarkin Sin.

Nanjing daban take. Gidan tunawa da kisan kiyashin da sojojin Japan suka fara ranar 13 ga Disamba 1937 an gina shi ne a kan kabarin bai-ɗaya, kuma ƙasusuwan suna nan a bayan gilashi yadda aka tono su. An rubuta 300,000 a bango, adadin da gwamnatin Sin ke riƙe da shi. Kotun Tokyo ta bayan yaƙi ta ce sun haura 200,000. Wuri ne na makoki, ka shiga da natsuwa.

To, batun gaskatawa. Kayan da za ka gani, galibi na gaske ne, kuma zaluncin da aka yi wa Sinawa ya faru. Inda ake bukatar lura shi ne tsarin labarin, don manyan gidajen nan na gwamnati ne, kuma duk inda aka faro, a nasarar Jam'iyyar Kwaminis ake direwa. Manyan gwabzawa da Japan, irin ta Shanghai a 1937 da Taierzhuang da Wuhan a 1938, sojojin Kuomintang na Chiang ne suka ɗauki nauyinsu. Yanzu ana ambaton su fiye da da, amma har yau ba a ba su fili daidai jinin da suka zubar. Yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta ci miliyoyin rayuka, da hargitsin siyasar da ake kira Juyin Al'adu na 1966 zuwa 1976, a gurguje ake wuce su. Murƙushe masu zanga-zanga da sojoji suka yi a Tiananmen a Yunin 1989 kuwa, ba za ka same shi ba. Saboda haka ka karanta waɗannan tun kana gida, kafin ka hau jirgi, kuma kada ka tsare ma'aikacin gidan tarihi da tambaya a kansu. Za ka jefa shi cikin damuwa ne kawai.

Mai son ganin wani gefen yana iya zuwa Anren a lardin Sichuan, inda gidajen tarihin Jianchuan, waɗanda ɗan kasuwa ya kafa, suka ware zaure guda ga sojojin Kuomintang, wasu kuma ga kayan gida na zamanin Mao Zedong, jagoran 'yan Kwaminis.

Shiga yawancin gidajen gwamnati kyauta ne, amma manyan na Beijing da Nanjing sai an yi rajista tun da wuri, galibi ta WeChat, kuma sai da fasfo a ƙofa. Akasari suna rufe ranar Litinin. Ka kauce wa makon farko na Oktoba, lokacin hutun ƙasa, don cunkoson ba a magana. Bayanin jikin kaya da yawa da Sinanci ne kawai, musamman a ƙananan wurare, don haka ka sa manhajar fassara mai karanta hoto a wayarka, ko ka roƙi tafintan da ke raka ka kasuwa ya ba ka yini guda zuwa Humen da Whampoa.