Filin Likitan Dabbobi: Wane Kare Ne Zai Zauna da Ni a Falo?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni tsohuwar malamar firamare ce a Wusasa, shekaruna 64. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, yara kuma sun watse, wasu Kaduna wasu Abuja. Gidan ɗaki biyu ne da falo da ɗan tsakar gida. Kunnena ya fara nauyi, sai a yi ta buga ƙofa ban ji ba. Ina son ƙaramin kare da zai zauna da ni a ciki, ya ɗebe mini kewa, ya kuma sanar da ni in an taɓa ƙofa. Jikata ta nuna mini hoton wani farin kare mai gashi kamar auduga a Facebook, ta ce in tura kuɗi a aiko shi a mota daga Legas. Fansho nake ci, abin da na ware naira 70,000 ne. Wane iri zan saya?
Daga wata mai karatu, Wusasa.

AMSA: Mama, na gode da wasiƙarki. Allah ya ƙara miki haƙuri da lafiya.

Kafin komai, kada ki tura ko sisi Legas. Cinikin biri a sama ke nan. Bara wani magidanci ya kawo mini kwikwiyo a kwali, kwana biyu da saukarsa daga motar dare. An sayar masa da shi a kan ɗan wata biyu ne, amma da na buɗe bakinsa na duba haƙora, bai wuce mako biyar ba. Yana amai, yana zawon jini mai wani irin wari da duk likitan dabbobi ya sani. Cutar fabo ce. Muka yi ta yi masa ƙarin ruwa kwana huɗu, bai tashi ba. 'Yar mutumin, wadda ta riga ta raɗa wa karen suna, tana tsaye a bakin ƙofa duk kwanakin nan. Abin da uban ya kashe a magani ya fi kuɗin sayen karen. Ba na son hakan ta faru da ke.

Wannan farin da jikarki ta nuna miki, ɗayan biyu ne: Lasa ko Eskimo. Su ne ƙananan karnukan ado da suka fi yawa a hannun masu sayarwa a Najeriya. Eskimo, duk da sunansa, asalin kakanninsa daga Jamus ne. Gashinsa rufi biyu ne, yana zuba ba kama hannun yaro, ga shi da ƙiriniya da son guje-guje. A falonki kullum tsintsiya za ta kasance a hannu, kuma farin nan ba zai yi mako guda cikin ƙurar hunturu ba sai ya koma launin ƙasa. Ban ba ki shawararsa ba.

Lasa ya fi dacewa. Sunan garin Lasa na yankin Tibet ya ɗauka, inda tun asali a cikin ɗaki ake ajiye shi domin ya yi haushi in baƙo ya shigo, wato ainihin aikin da kike nema. Nauyinsa kilo 6 zuwa 8, ba zai ja ki ki faɗi ba, cinsa kaɗan ne, kuma in ya sami kulawa yakan yi shekara 12 zuwa 15. Sai dai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Garin Lasa yana kan tsauni mai tsayin fiye da mita 3,500, gashin nan don sanyi aka yi shi. Mu kuwa a Zariya, daga Maris zuwa Afrilu zafi kan kusanci maki 40, kuma in an ɗauke wuta fanka ba ta da amfani. Dole a riƙa rage masa gashi duk bayan mako shida zuwa takwas, a taje shi kusan kullum. In aka bari ya cukurkuɗe, kaska da ƙuma su sami maɓoya, kunne ya ruɓe daga ciki ba a sani ba. Yawancin Lasan da ake kawo mini, matsalarsu daga gashi ta faro.

Masu lotsattsen hanci irin su Pug da Buldog ɗin Faransa, ki manta da su. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, su kuwa hanyar numfashinsu a matse take, zafin bazara kan iya kashe su cikin awa kaɗan, ga tsada. Haski na Saberiya ne, babu abin da ya haɗa shi da ɗaki biyu a Wusasa. Alseshan da Rotwaila kuwa cinsu kaɗai ya isa ya cinye fanshon. Wani zai ce miki Basenji, tunda ɗan Afirka ne daga Kwango, gajeren gashi, mai tsafta kamar kyanwa. Gaskiya ne, amma ba ya haushi, ke kuwa haushin kike nema.

Da mahaifiyata ce ta yi mini wannan tambaya, karyar gida zan nemo mata, irin tamu ta gargajiya, mai ƙaramin jiki. Na san ba wannan amsa jikarki take son ji ba. Mun saba ganin karen gida a bola, a rame, ƙazwa ta cinye masa kunne, har muka ɗauka haka Allah ya yi shi. Rashin gata ne kawai. Wadda nake da ita yanzu, a wajen wani mafarauci na karɓo ta tana 'yar mako takwas, abin da na ba shi bai fi kuɗin goro ba. Shekararta bakwai. Gashinta gajere, tsumma mai ɗan laima ya isa ya goge ta. In rana ta take sai ta nemi siminti mai sanyi ta miƙe. Tana cin abin da gidan ya ci, kuma tun kafin mai babur ya kashe inji a ƙofar gida ta sanar. Jikinsu ya saba da zafinmu tun kaka da kakanni, kuma ba su cika fama da cututtukan gado da ke bin karnukan da ake ta haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa don neman kamanni ba.

Abu ɗaya ne ba zan ɓoye miki ba: karen gida yana son yawo. In aka kulle shi yini guda zai ci takalmi, ya tone tsakar gida. Tana bukatar tafiya a igiya da safe da yamma, minti 20 zuwa 30 kowane lokaci. In ƙafafunki suna da ƙarfin ɗan zagaye ta wajen dutsen Kufena da sanyin safiya, ku biyun za ku amfana. In gwiwa ba za ta bari ba, kuma babu yaron maƙwabta da za a dogara da shi, to ki koma kan Lasa, ko ruwa-biyunsa wanda aka haifa a nan Zariya ko Kaduna. Ruwa-biyun ya fi araha, gashinsa ma sau da yawa ya fi sauƙin kulawa.

Ko wanne kika zaɓa, ki je da ƙafarki ki ga uwar. Girmanta shi zai nuna miki girman da 'yar za ta yi, halinta kuma rabin halin 'yar ne. Kada ki karɓi wadda ba ta cika mako takwas ba. Ki duba ido babu kwantsa, dasashi ja-ja-ja ba fari ba, ciki ba a kumbure ba, gindin wutsiya babu alamar zawo. Ki tafa hannu ta bayanta ki ga ko za ta waiwayo. Ki bar wadda ta lafe a lungu tana rawar jiki, ki bar sarkin faɗan cikinsu, ki ɗauki wadda ta zo ta shinshina hannunki ta zauna. In an ce an yi mata allura, a nuna miki kati mai ɗauke da takardar jikin kwalbar, da sa hannun likita da hatimi.

Kuɗin nan naki, mafi yawansu wajen rigakafi ya kamata su tafi. Allurar farko mai haɗa fabo da distemfa da wasu cututtuka ana yin ta daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ta kai wata huɗu. Kafin a gama, kada ta taka waje, domin ƙwayar fabo takan yi watanni a cikin ƙasa da ranta. Allurar haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Maganin tsutsar ciki duk mako biyu tana ƙarama, in ta girma duk wata uku. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, ki kai ta can ko wajen likita mai rajista. Ki kuma yi musu maganar aikin hana haihuwa. Karya takan nemi namiji kusan sau biyu a shekara, kuma a makonnin nan duk karnukan unguwa a ƙofarki za su kwana.

Abinci ba sai na buhu ba. Tuwo ko shinkafa ko dankali, a haɗa da kifi marar ƙaya, ko ƙwai dafaffe, ko tumbi da huhu daga wajen mahauta, a dafa sosai. Amma a ɗebi nata kafin a zuba miya. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Goro, cakulan da inabi guba ne a gare shi. Ƙashin kaza dafaffe yakan tsage ya huda hanji. Kada a ba ta farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane, kada kuma a bar kowa ya shafa mata fiya-fiya da sunan kashe kaska, na ga karnuka da yawa da suka mutu ta wannan hanya. Da damina ta riƙa kwana a busasshen wuri, saboda akwai ƙudan da ke ƙwai a ƙasa mai laima, tsutsarsa ta shige ƙarƙashin fata kamar maruru.

Koya mata inda za ta yi bayan gida ba zai ba ki wuya ba tunda kina gida kullum. Da ta farka, da kuma bayan ta ci, ki kai ta wuri ɗaya a tsakar gida, ki yaba mata in ta yi. Tsohuwar malama ba sai na koya mata haƙuri da maimaici ba.

Sai maganar baƙi. Maƙwabta da 'yan'uwa Musulmi za su riƙa shigowa gaishe ki, kuma da yawansu ba za su saki jiki da kare a falo ba. Ki yi mata wurinta tun ranar farko, da tabarmarta da kwanonta, a baranda ko wani lungu mai ƙofa, ta saba da shiga can in an yi sallama. Ga masu karatu Musulmi kuwa, abin da malamai suka yarda da shi shi ne kare na gadi, kiwo ko farauta, ba na zaman ɗaki ba. Duk abin da na faɗa kan zaɓi da rigakafi ya shafi na tsakar gida ma.

TAMBAYA: Likita, jiya kwikwiyon maƙwabcinmu ya ciji ɗana mai shekara biyar a yatsa. Ɗan ƙwarzane ne kawai. An ce in ƙona gashin karen in shafa masa. Ya isa?
Daga wani uba, Tudun Jukun.

AMSA: Malam, bai isa ba, kada ma ka shafa. Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ko da an kwana, sannan yau ɗin nan ka kai shi asibiti, ko babban asibitin cikin gari ko na koyarwa da ke Shika, ka ce kare ne ya cije shi, a fara masa allurar rigakafin haukan kare. Ƙanƙantar ciwon ba ta da ma'ana, ta yawu cutar take shiga, yatsa kuma cike yake da jijiyoyi. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. Ka roƙi maƙwabcinka kada ya kashe karen ko ya yar da shi. Ya ɗaure shi kwana 10, likitan dabbobi ya duba shi, ya kuma nemo katin allurarsa in akwai. Amma kada ka jira kwana goman nan kafin a fara wa yaron allura.