Tambaya da Amsa: An hana 'yata cin alkama, me zan saya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar cewa 'yata mai shekara 9 tana da cutar siliyak, ya ce kada ta ƙara cin duk abin da ke da gulutin. Na leƙa wani babban kanti a Sabon Gari, na tarar kayan waje da aka rubuta wa cewa babu gulutin sun fi ƙarfin aljihunmu. Me zan riƙa saya mata na ci da sha? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Gulutin wani nau'in furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai, kuma shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa takan far wa bangon ƙaramin hanji, sai abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata, abin da kan jawo gudawa da kumburin ciki da ƙarancin jini, a yara kuma har da rashin girma. Kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da ita a duniya, kuma maganinta shi ne barin gulutin har iya rayuwa.

Sai dai ki kwantar da hankalinki game da kantin nan, domin abin da kike nema yana cikin buhunan kasuwar Tudun Wada. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, doya, dankali da gyaɗa duk babu gulutin a cikinsu, haka ma nama da kifi da ƙwai da nono. Saboda haka tuwon shinkafa, tuwon dawa, dambu, fura, koko, alale da faten tsaki, wanda ba sai an koya wa Bazazzagiya dafa shi ba, duk nata ne. Abin da za ta bari shi ne burodi, gurasa, taliya, makaroni, Indomie, kuskus, biskit, cincin, fanke, funkaso, alkaki da dubulan. Ki lura da tuwon semo musamman, domin mutane da yawa suna ganin farinsa su ɗauka ɗan'uwan shinkafa ne, alhali kuwa tsakin alkama ne. Burodin da ake ce wa na rogo ma, mafi yawan garinsa fulawa ce.

Inda na fi jin tsoro shi ne abincin da asalinsa babu alkama amma aka saka masa daga baya. Masu ɗanwake da yawa yanzu suna haɗa garinsu da fulawa, wasu masu waina kuma sukan barbaɗa ta a ƙullu don ya kama jikinsa. Mai ƙosan bakin layi tana iya tsame fanke ta zuba ƙosai a cikin man nan ɗaya. Sai kuma injin niƙa: idan wadda ke gabanki a layi alkamar funkaso ta kawo, to garin da zai fara zubowa a kwanonki ba masararki ce zalla ba, kuma wannan ɗan abin ya isa ya tayar da ciwon. Ki sami mai inji guda ki yi masa bayani, ki riƙa zuwa da sassafe bayan ya wanke, ko ki sa a fara zuba mudu ɗaya a ware shi don sauran mutanen gida. A gida ma ki keɓe mata rariya da muciya da mazubin gari.

Kayan gwangwani da na leda kuwa, sai kin karanta jerin abubuwan da aka haɗa, kuma tunda da Turanci ake rubutawa, kalmomin da za ki nema su ne wheat, barley, rye, malt da semolina. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne kawai, ba ta nufin babu gulutin. Ƙa'idar duniya ta Codex ta yarda a rubuta gluten-free idan gulutin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Wasu dunƙulen ɗanɗano suna da garin alkama, kuma su ake dakawa a yajin tsire, don haka ki duba kwalin, ko ki koma ga daddawa da gishiri da kayan ƙamshi. Hatsin ots (oats, wanda ake damawa kamar kunu) na gwangwani yakan gauraya da alkama tun daga gona, kada ki ba ta sai da shawarar likita.

Ta fuskar abin sha, zoɓo da kunun aya da kunun gyaɗa na shinkafa da madara zalla babu laifi. Lemon malt da garin shayi mai cakulan su ne abin dubawa, domin wasu kamfanonin ƙasar nan da dawa suke yin malt ɗinsu, wasu kuma suna haɗawa da sha'ir. In kwalba ba ta fayyace ba, a bar ta.

Ki sanar da malamanta, ki kuma riƙa ɗaura mata abin tara daga gida, kamar awara ko dafaffen ƙwai ko soyayyen dankali, don kada ta karɓi biskit a hannun ƙawaye. Cutar tana bin jini, saboda haka yana da kyau a gwada 'yan'uwanta, amma kada ki hana su alkama kafin gwajin, domin barinta yakan ɓoye cutar a sakamakon.