Yaya Ake Ƙirga Manyan Dabbobin Teku Alhali Suna Ƙarƙashin Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗalibin nazarin halittu ne daga Dadin Kowa, jihar Gombe. A madatsar ruwanmu ko dorina aka ce mutum biyu su ƙirga sai sun saɓa, don wata na nutsewa wata na ɗagowa. Sai ga shi na karanta cewa wani nau'in babban kifin tekun nan, wel, saura kusan 370 a duniya. Wa ya ƙirga su, kuma ta yaya? Ko ƙiyasi ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙiyasi ne, amma ba shaci-faɗi ba, domin yana da lissafi kuma an san iyakar kuskurensa. Abin da ka lura da shi wajen dorina shi ne mabuɗin aikin. Wel sunan kifi kawai yake amsawa: da huhu yake numfashi, macen tana haihuwa tana shayarwa, don haka dole ya taso saman ruwa, kuma a wannan tasowar ake cin masa.

Mu ɗauki wel mai doro, tunda shi ke zuwa Mashigin Gini, daga gaɓar Gabon har Najeriya da Benin, wajen watan Yuli zuwa Oktoba don haihuwa, bayan ya yi kiwo a tekun Antatika. In zai yi nutso mai zurfi yakan ɗaga wutsiya sama. Cikin wutsiyar yana da zanen fari da baƙi, bakinta kuma yana da tsage-tsage kamar zarto, kuma ba ka samun biyu iri ɗaya. Yadda makiyayi ke fitar da saniyarsa daga garke ta ƙaho da tabo, haka mai bincike ke gane kowane wel. Ana bin bayansa a ƙaramin jirgi a hankali, ba a shan gabansa, mai kyamara ya jira 'yan daƙiƙun da wutsiyar za ta miƙe. A rubuta rana da wurin da GPS ya nuna, a saka hoton a kundi. Yanzu manhajoji irin su Happywhale na gwada sabon hoto da dubban tsofaffi cikin ɗan lokaci.

Ga lissafin, kuma kana iya gwada shi a tsakar gida. Ɗebi ƙwayar wake 200 daga kwano, ka shafa musu shuni, ka mayar, ka gauraya sosai. Sake ɗibar 150. In ka tarar da 30 masu shuni, kashi ɗaya cikin biyar ke nan na abin da ka ɗiba, wato waɗancan 200 ɗin su ma kashi ɗaya cikin biyar ne na duk kwanon, jimla kusan 1,000. A teku hoton bara shi ne shunin, hoton bana shi ne ɗiba ta biyu.

Inda ake tuntuɓe shi ne wel ba wake ba ne, ba ya gaurayuwa yadda kake so. Uwa mai goyo ba ta cika ɗaga wutsiya ba, sai mata su yi ƙaranci a kundi. Zanen ɗan wel yana canzawa a shekarunsa na farko. Hoto mai dishi-dishi, ko wanda aka ɗauka a karkace, yakan sa a ɗauki tsohon sani a matsayin baƙo. Wannan shi ne mafi haɗari a ganinmu: in 30 ɗin nan ya koma 20, lissafi zai ba ka 1,500, ka yi murnar ƙaruwar da ba ta faru ba. Shi ya sa ake tantance ingancin hoto tun kafin a duba ko na wane ne, a zubar da marasa kyau ko da an sha wahalar ɗaukarsu.

Adadin 370 da ka karanta na wel ɗin arewacin Atilantika ne da ake kira rayit, mai zama gaɓar gabashin Amurka da Kanada. Shi ba ta wutsiya ake gane shi ba, ta wasu farare-fararen kirci ne a kansa, kuma daga jirgin sama ko jirgin ruwa ake ɗaukar hoton. Cibiyar New England Aquarium da ke Boston ke riƙe da kundinsu tun shekarun 1980, har kusan kowanne yana da lambarsa. Ƙiyasin nasu ya kusa zama ƙirga ta kai-da-kai.

A faɗin teku inda hoto ba zai yiwu ba, jirgin ruwa ke bin miƙaƙƙun layukan da aka zana tun daga ofis, masu tabaran hangen nesa suna rubuta nisa da kusurwar duk feshin numfashin da suka hango, kuma iska na tayar da igiyar ruwa ake dakatawa. Masu daɗewa a ƙasa, irin wel mai baki na Kubiye da aka auna nutsonsa har mita 2,992, su sai da makirfon na cikin ruwa. Don sanin hanyar tafiya kuma ana maƙala na'ura a kusa da doro, wadda ba ta iya aika saƙo ga tauraron ɗan Adam sai eriyarta ta fito daga ruwan gishiri. Yawanci makonni ko 'yan watanni take yi jiki ya turo ta. Ana kuma harba ƙaramar kibiya mai ɗauko guntun fata da kitse wanda bai kai kan ɗan yatsa ba, daga shi a san namiji ne ko mace, da ko tana da ciki.

Irin waɗannan alƙaluma ne ke nuna ko kariya na aiki. Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya ta amince a 1982 da dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986. Masu doro na gaɓar Barazil, da suka ragu zuwa kusan 450 a shekarun 1950, sun koma wajen 25,000. Rayit kuwa bai farfaɗo ba, kuma hotunan ne suka tona dalili: sama da kashi 80 cikin 100 na ɗauke da tabon igiyar kayan kamun kifi, wasu kuma jirgi ke bankewa. Dabbar da ke ɗaukar ciki kusan shekara ta haifi ɗa ɗaya, mutuwar uwa guda babbar asara ce. Tun 2008 Amurka ta tilasta wa jiragen ruwa masu tsawon ƙafa 65 zuwa sama su rage gudu zuwa kimanin kilomita 18 a awa a wasu yankuna da lokuta.

In kana son shiga fannin, Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya, NIOMR, tana Legas tun 1975. Kafin nan dorinar garinku ta isa makaranta. Tsaya a tudu nesa, kada ka kusance ta a kwale-kwale. Takan yi kamar minti biyar a ƙasa, don haka ka zauna aƙalla rabin awa, ka ƙirga sau da yawa, ka riƙe adadi mafi girma, ka rubuta tsagar kunne da tabon kowacce, sannan ka dawo a wannan sa'ar kowane mako.