Tambaya da Amsa: Yarona ba ya zama wuri ɗaya a aji, duka kuma ya ƙi yi masa magani

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ina da yaro ɗan shekara tara, yana aji uku na firamare. Kusan kullum sai an kawo ƙararsa: ba ya zama a benci, yana katse malami ana tsakiyar darasi, rubutunsa ba ya wuce rabin shafi, fensir kuwa ba ya yin sati a hannunsa. A Islamiyya ma haka, hadda ta ƙi zama. Babansa ya yi dukan har ya gaji, kakarsa ta ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. Amma yaron nan ba daƙiƙi ba ne, in ya samu tsohuwar rediyo yana kwancewa sai ya daɗe bai ɗaga kai ba. Wata ƙawata nas ta ce wai ADHD ne. Mene ne shi, kuma me makaranta za ta iya yi?

Uwa mai damuwa, Zariya

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuma saka miki da kika tsaya kika tambaya.

Likita ne zai tabbatar bayan ya ga yaron, amma abin da kika lissafo ya yi kama da abin da ƙawarki ta faɗa. ADHD larura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, mai kawo ƙarancin natsuwa, yawan motsi, da aikata abu kafin a yi tunani. Ba sabon abu ba ne: tun 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu irin wannan hali. Babban nazarin da aka fitar a 2007, wanda ya tattaro bincike daga sassan duniya, ya nuna kusan yaro biyar cikin ɗari na da ita. Ki duba ajin da ke da yara tamanin, za ki ga ɗanki ba shi kaɗai ba ne. Ka'idar likitoci ita ce alamun su fara kafin shekara 12, su kai wata shida, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma su riƙa cutar da karatu ko zaman yaro da mutane. Ƙiriniya kawai ba ta isa ba.

Maganar rediyo kada ta ruɗe ki. Irin waɗannan yara suna iya nutsewa cikin abin da ya ja ransu. Inda suke faɗuwa shi ne aikin da ba daɗi, mai tsawo, wanda ladarsa ke can nesa, kamar kwafe allo ko maimaita hadda.

Ki kuma sauke wa kanki laifi. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke ɗauke da fiye da kashi 70 cikin ɗari na wannan larura. Ba sakacin tarbiyyarki ba ne, ba kuma alawa ba ce, domin nazarin da aka buga a 1995 bai samu cewa sukari na sauya halin yara ba. Sai dai kafin a yanke hukunci, a duba jinsa da ganinsa da barcinsa, a auna jininsa. Akwai wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi kamar ba ya nan. Gubar dalma ma, wadda muka ga ɓarnarta a Zamfara a 2010, tana taɓa natsuwar yara. Addu'ar kaka kuwa muna so, a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato dukan. A aikina na ba ɗalibai shawara na sha zama a bayan aji ina kallon irin ɗanki. Malam ya ce a kwafi allo. Yaro ya rubuta layi biyu, fensir ya faɗi, ya sunkuya ɗauka, ya ga murfin kwalba a ƙarƙashin benci, shi ke nan an rasa shi. Da aka zo duba littafi sai dorina da kamun kunne. Ki tambaye shi doka, zai karanto miki ita tsaf. Ya san abin da ya kamata, riƙe kansa a daidai lokacin ne ke gagararsa. Dukansa kamar dukan yaron da ba ya gani da kyau ne don ya kasa karanta allo. Abin da duka ke koya masa shi ne shi lalatacce ne, kuma yaron da ya yarda da haka yana da wuyar dawowa.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru suna gwaji a cikin azuzuwa, kuma abin da na fi amincewa da shi cikin abin da suka fitar shi ne katin rahoto na kullum. William Pelham da Gregory Fabiano a Amurka suna cikin waɗanda suka yi aiki a kansa sosai. Ba ya cin kuɗi, rabin fallen takarda ne. Ke da malamin aji ku zaɓi abu uku kacal, waɗanda ido zai iya gani. Kada a rubuta "ya zama yaron kirki". A rubuta: ya ɗaga hannu kafin ya yi magana, bai bar benci fiye da sau biyu ba a darasi, ya gama rabin aikin lissafi. Bayan kowane darasi malam ya sa alama, ya gaya masa a take. In an tashi ya kawo miki katin. Ranar da ya cika yawancin gurabe, ladarsa a ranar: ƙwallo da yamma, ko ki ba shi wata rediyon ya kwance. Ranar da bai cika ba, babu lada, babu duka, gobe ma rana ce. A fara da ma'aunin da zai iya ci, in ya saba a ɗaga kaɗan. Yawancin katunan da na ga sun mutu, sa buri da yawa tun farko ne ya kashe su, ko alƙawarin keke a ƙarshen zango. Yaro irin wannan ba ya hango ƙarshen zango.

Sauran masu sauƙi ne. A zaunar da shi gaba, nesa da taga. A ba shi umarni ɗaya a lokaci guda. A yanka aiki gunduwa-gunduwa. Shi za a riƙa aika ɗauko alli da goge allo, motsin ya yi amfani. Ga malamin da yara suka yi wa yawa, akwai wata dabara da aka fara gwadawa a jihar Kansas ta Amurka a 1969: a raba aji rukuni-rukuni, rukunin da ya fi kiyaye doka ya ci, ta yadda ba a ware yaro ɗaya ana nuna shi.

Kada ki ɗauka malamanmu ba za su karɓa ba. A wani bincike da aka buga a 2017, an ba malaman firamare a Kaduna horo na 'yan awoyi kan ADHD, kuma saninsu da yadda suke kallon yaran ya inganta. Ki je wurin malam a matsayin mai neman taimako, ba mai kawo ƙara ba. Malamin Islamiyya ma a roƙe shi ya rage masa ayoyin hadda, ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan.

Akwai magani, kamar methylphenidate. Babban gwajin Amurka da aka fitar a 1999, mai yara 579, ya nuna maganin da likita ke bibiya da kyau yana rage alamun ƙwarai. Yana iya rage cin abinci da barci, don haka ba abin saye a kemis ba ne, kuma ba ya koya wa yaro tsara jakarsa. Daga Zariya, ki fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin yaro ya taɓu. Ki tafi da littattafansa, da takarda daga malamin boko da na Islamiyya kan abin da suke gani, da katunan sati biyu ko uku. In da hali babansa ya raka ku, ya ji bayanin daga bakin likita da kunnensa.