Ciwon gwiwa da gudawa mai jini: ko da alaƙa tsakaninsu?

Malam, ka ce ƙanenka a Gusau ya yi wata da watanni yana gudawa da jini da majina, yanzu kuma gwiwarsa da idon sawunsa sun kumbura, mutanen gida na cewa sanyi ne da basir. Allah ya ba shi lafiya.

E, akwai alaƙa. A cututtukan kumburin hanji irin su Crohn da ulcerative colitis, garkuwar jiki ce ke far wa hanji, kuma takan taɓa gaɓoɓi. Manyan gaɓoɓin ƙafa ta fi kamawa, sau da yawa gefe ɗaya, ciwon ya tashi lokacin da cikin ya motsa, ya lafa in ya lafa. Na ƙugu da ƙashin baya kuwa ba ruwansa da halin da cikin ke ciki: mutum ya tashi da asuba a sandare, sai ya motsa jiki ya ji sauƙi. Atuni na ƙwayoyin Shigella ko Salmonella ma kan bar kumburin gaɓa bayan mako 1 zuwa 4.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Magungunan rage ciwo diclofenac da ibuprofen da ake sha kamar gyaɗa na iya tayar da ciwon hanjin, su ƙara zubar jini. Ya dakata da su.

Ku kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau a gwada bayan gida da jini, don amiba (ƙwayar cuta mai sa atuni) da tarin fukan hanji kan yi kama da wannan. In ta kama a leƙa hanji da na'ura, a yi. Akwai magani irin sulfasalazine da ke yi wa hanji da gaɓoɓi aiki tare, amma likita ne zai rubuta. In idonsa ya yi ja yana zafi, kada ku kwana ba ku kai shi asibiti ba.