Amsoshin Tambayoyinku: Neman Tallafin Gidauniya da Aikin Sa Kai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu mata ne da muka haɗa kai muna biya wa marayu kuɗin makaranta daga aljihunmu, amma yanzu nauyin ya fi ƙarfinmu. Mun rubuta wa gidauniyoyi da dama takardar neman tallafi, ko amsa ba mu samu ba, har wasu daga cikinmu sun fara cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ba wa. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri. Ba zan ce sanayya ba ta tasiri ko kaɗan ba, amma yawancin takardun da ake ajiyewa gefe ba rashin sanayya ne ya kai su can ba, rashin sanin yadda gidauniya take aiki ne.

Galibin manyan gidauniyoyi dukiya ce aka ware, aka zuba ta a hannun jari da kadarori, ana rabar da abin da take haifarwa ana barin uwar kuɗin. Haka gidauniyar Rockefeller take tun 1913, haka ta Ford tun 1936, kuma Musulmi ya san wannan tsari tun daga waƙafin da Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar, inda aka riƙe ƙasar aka riƙa sadaka da amfaninta. A Amurka ma doka ce ta tilasta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara a ayyukan alheri. Ke nan su ma neman wanda za su ba suke yi, sai dai amana ce a hannunsu, kuma akwai kwamitin amintattu da masu binciken kuɗi da za su tuhume su a kan kowane abin da suka fitar.

Wannan kwamitin ne yake tsara fannin da za a tallafa, da yankin, da lokacin karɓar takardu, kuma jami'in da ke karanta takardarku ba shi da ikon ƙetare wannan iyaka komai tausayin da ya ji. Idan gidauniya ta ce lafiyar mata masu juna biyu take tallafawa, takardar kuɗin makarantar marayu ba za ta wuce teburin farko ba. Manya kuwa irin gidauniyar Gates, wadda aka kafa a 2000, galibi su ne ke gayyatar ƙungiyoyin da suke son aiki da su. Don haka ku fara da ƙananan gidauniyoyi da ƙungiyoyin da ke karɓar babban tallafi su raba shi ƙanana, ku kuma karanta sharuɗɗansu kafin ku ɗauki biro.

Abin da jami'in yake nema shi ne shaidar cewa kuɗin ba za su salwanta ba: ƙungiya mai rajista, asusun banki da sunan ƙungiyar wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi, da littafin da ke nuna abin da ya shigo da abin da ya fita. A nan kuna da jarin da ba ku sani ba. Rasit ɗin da makaranta ta ba ku, da sakamakon jarrabawar yaran, da sunayen waɗanda suka kawo gudummawa, su ne hujjarku, kuma sun fi shafi goma na bayanin halin ƙunci ƙarfi. Takardar da ta ce "muna son taimaka wa marayu" ba ta ba mai karatu abin kamawa. Wadda ta ce yara ashirin ne, ga kuɗin zangon karatu uku na kowanne, makarantar za a biya kai tsaye, ga kuma ranar da za a kawo rahoto, ita ce ake iya kai wa kwamiti. Ku sa kuɗin mota da na takarda a kasafinku a fili, domin ƙungiyar da ta ɓoye waɗannan tun farko ita ce ke taɓa kuɗin yara daga baya.

Akwai abin da ya fi damuna a irin aikinku. Tallafi yakan ƙare bayan shekara ɗaya ko biyu, karatun yaro kuwa ba ya ƙarewa a nan. Kada ku ɗauki sababbin yara hamsin saboda kuɗi sun shigo, alhali ba ku san wanda zai riƙe su bayan nan ba, kuma kada ku daina karo-karon da kuka saba. Sannan ku sani, gidauniya ta gaskiya ba ta neman kuɗin fom ko kuɗin "buɗe asusu" kafin ta ba da tallafi. Duk wanda ya nemi haka ɗan damfara ne.

Tambaya: Malam, na gama karatu ban samu aiki ba, kuma ba ni da abin bayarwa. Wata ƙungiya ta kira ni aikin sa kai, amma abokaina sun ce bautar banza ce.

Amsa: Ɗan'uwa, ba banza ba ce. Bayan yaƙin Solferino a ƙasar Italiya a 1859, wani ɗan ƙasar Switzerland mai suna Henry Dunant ya tarar da dubban sojoji kwance da raunuka babu mai kula da su, sai ya tattara mutanen gari, yawancinsu mata, suka riƙa ba su ruwa suna ɗaure musu rauni. Daga wannan ne aka kafa ƙungiyar Red Cross a Geneva a 1863. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara don girmama masu aikin sa kai.

Sai dai maganar abokanka tana da ƙamshin gaskiya, domin akwai ƙungiyoyin da ke ɗora wa ɗan sa kai aikin cikakken ma'aikaci su ƙi biyansa. Tun ranar farko ka tambayi abin da ake so ka yi, da yawan sa'o'i a mako, da wanda zai koya maka aikin, da ko za a mayar maka da kuɗin mota. Idan kun daidaita, to ka cika alkawari. Tsohon da aka ce za ka raka asibiti ranar Talata da safe zai shirya ya zauna yana jiranka, kuma rashin zuwanka ya fi masa ciwo a kan a ce ba a yi masa alkawarin ba tun farko.

Tambaya: Malam, ya dace a ɗauki hoton mabuƙaci yana karɓar taimako a sa a Facebook? Masu ba mu kuɗi suna son shaida.

Amsa: Haƙƙinsu ne su ga shaida, amma rasit da rahoto shaida ne, kuma mai bayarwa yana iya zuwa ya gani da idonsa. Wanda yunwa ta kawo shi layi ba zai iya cewa a'a ba, don haka shirunsa ba yarda ba ce. Idan hoton ya zama dole, a nemi izini bayan an riga an ba shi kayan, a kuma gaya masa ƙin yarda ba zai hana shi samun na gaba ba. Fuskokin yara kuwa, a ganina, kada a sa su a intanet ko da iyayensu sun amince, domin hoton zai daɗe a can har bayan sun girma.