Na'urar ajiyar kirifto: ta ina zan fara kada in yi asara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan waya a Kano, kuma shekara uku ke nan ina tara USDT da ɗan Bitcoin a wani dandalin musaya. Tun da Binance ta daina hulɗa da naira a 2024 hankalina bai kwanta ba. Abokina da zai dawo daga Dubai ya ce zai taho min da Ledger Nano S Plus. Wani kuma ya yi min tallar ta hannu da araha, ya ce har an riga an saita ta. Wacce zan ɗauka, kuma yaya zan saita ta? Wayar Android gare ni, sai tsohuwar kwamfuta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ta hannun nan da aka riga aka saita, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Araha ba ta ado, a nan kuma tana iya cinye jarin gaba ɗaya. Dalilin yana cikin yadda na'urar take aiki, don haka bari mu fara daga nan.

Kuɗinka ba ya shiga cikin na'urar. Yana rubuce a kan bulokcen, wato kundin da dubban kwamfutoci suke riƙe da kwafinsa. Abin da na'urar take riƙewa shi ne makullin da ke ba da izinin motsa kuɗin, kuma wannan makulli daga kalmomi 24 yake fitowa, waɗanda ita da kanta take zaɓa ranar da aka fara kunna ta. Idan ta faɗa rijiya gobe, ka sayi wata, ka shigar da kalmomin, kuɗinka ya dawo ko sisi bai ragu ba. Idan kuwa wani ya samu kalmomin, ba ya bukatar na'urarka ko lambar PIN ɗinka. Daga ɗakinsa zai kwashe komai alhali na'urar tana aljihunka. To wanda ya ce maka ya riga ya saita, ai shi ya fara ganin kalmomin. Tsohuwar damfara ce: a saka kati mai kalmomi 24 a cikin kwali, wani lokaci har da irin abin da ake kankarewa na katin waya don ya yi kama da na kamfani, a jira ka zuba kuɗi.

Ta Dubai ɗin ma da sharaɗi. Abokin naka ya saya daga shafin kamfanin ko daga dillalin da kamfanin ya lissafa a shafinsa, ba daga kowane teburi ba. Idan ta iso, duba katunan rubutun da ke cikin kwalin: dole su zama babu komai a jikinsu sai lambobi da layuka. Idan ka kunna ta, kada ta tambaye ka PIN, domin sabuwa ba ta da shi. Ta tambaya, to wani ya riga ka.

Nano S Plus ba ta da batir, daga igiyar USB-C take samun wuta. Tana aiki da kwamfuta da wayar Android, amma ba ta aiki da iPhone. Mai iPhone sai ya nemi mai Bluetooth kamar Nano X. Yi amfani da igiyar da ta zo a kwali. Kai da ke sayar da kayan waya ka san akwai igiyoyin da caji kawai suke yi ba sa ɗaukar bayanai, kuma su ne sanadin yawancin ƙorafin "ta kunnu amma kwamfuta ba ta ganin ta".

Manhajar da za ka sauke, Ledger Live (wadda a 2025 aka sauya wa suna zuwa Ledger Wallet), ita ce tarko na biyu. Rubuta adireshin shafin kamfanin da hannunka. Kada ka taɓa sakamakon farko na Google mai alamar talla, kada ka bi mahaɗin da aka turo a Telegram ko WhatsApp. A 2023 wata jabun Ledger Live ta shiga har cikin shagon manhajoji na Microsoft, ta kwashe dubban ɗaruruwan daloli kafin a cire ta. Alamar jabu ɗaya ce ko da wane kaya ta sa: za ta ce ka rubuta kalmominka 24 a waya ko kwamfuta. Ta gaskiya ba ta taɓa tambaya.

Yanzu ka samu awa guda da ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. A gida, ba a shago ba, kuma ba a ƙarƙashin kyamarar tsaro ba. Kwamfutar ta cika da caji, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabunta manhajar cikin na'ura abin haushi ne. Na'urar tana da maɓalli biyu: na hagu da na dama don zagayawa, danna su tare don amincewa. Zaɓi inda aka rubuta "Set up as new device". Za ta nemi PIN mai lamba 4 zuwa 8. Ka sa takwas, kuma kada ya zama shekarar haihuwarka ko na katin ATM ɗinka. A Ledger, kuskure uku a jere yana goge na'urar tas. Wannan kariya ce daga ɓarawo, amma ka tuna da shi idan yara suna wasa da kayanka. Trezor, ta kamfanin da ke Jamhuriyar Cek, tana ba da dama 16, tana ninka lokacin jira bayan kowane kuskure.

Daga nan kalmomin za su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya a ɗan ƙaramin allonta. Nan ne duk aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Kalmomin Turanci ne, daga wani jeri mai kalmomi 2048 da ake kira BIP39, wanda aka gabatar a 2013 kuma yawancin walat, wato manhajoji da na'urorin ajiyar kirifto, suke bi. Shi ya sa kalmomin Ledger suke iya buɗuwa a na'urar wani kamfanin idan wata rana wannan ya rufe. Rubuta kowace a gaban lambarta, da manyan baƙaƙe, harafi bayan harafi kana kallon allo, ba yadda ka ji ta a kunne ba. A cikin jerin akwai wood, akwai wool, akwai word, akwai work. A rubutun mai sauri, bayan shekara biyar, waɗannan huɗun abu ɗaya ne. Jerin ma yana da muhimmanci: kalma ta 7 ta koma gurbin ta 8, ko dai na'ura ta ƙi karɓa ko ta buɗe maka wani asusu da babu komai a ciki. Bayan ka gama za ta yi maka jarrabawa, ta sa ka tabbatar da kalmomin. Ka amsa daga takardar, ba daga abin da ka tuna ba, domin takardar ake gwadawa.

Kada ka ɗauki hotonsu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma masu yin sa suna ganin dabara suka yi. Hoton yana hawa Google Photos da kansa, kuma akwai ƙwayoyin cutar waya da aikinsu shi ne lalube cikin hotuna suna neman kalmomi 12 ko 24. Haka tura wa kanka a WhatsApp, ko ajiyewa a imel. Ka sayi na'ura don makullin ya rabu da intanet, sai kuma ka mayar da shi da hannunka: an gudu ba a tsira ba. Kada ka kai takardar shagon laminatin ko hoton takardu, mai shagon yana da ido.

Da ka gama, haɗa ta da Ledger Live. Manhajar za ta yi binciken da ke tabbatar da cewa guntun tsaron da ke ciki na kamfanin ne. Idan bai wuce ba, tsaya nan, kada ka zuba ko kobo. Idan ya wuce, sabunta manhajar cikinta in an nema, sannan ka saka ƙananan manhajojin kuɗin da kake da su, Bitcoin da Tron ko Ethereum (waɗannan biyun layuka ne da USDT take bi), ka buɗe asusu ga kowanne.

Ga matakin da kusan kowa ke tsallakewa, mu kuma muna ganin shi ne ya raba mai ajiya da mai caca. Tura ɗan kaɗan, kamar USDT 10, wato kimanin dala goma. Ka ga ya shigo. Sai ka sa PIN na ƙarya sau uku da gangan, na'urar ta goge. Zaɓi maido da asusu, ka shigar da kalmomi 24 daga takardarka ta maɓallan na'urar. Idan adireshin da ya fito shi ne na ɗazu kuma dala gomar tana nan, takardarka ta tabbata. Idan ba ta dawo ba, ka yi asarar dala goma maimakon tarin shekara uku, sai ka sake saiti daga farko. Shigar da kalmomin da maɓalli biyu zai ci maka kusan minti ashirin, yana da gajiyarwa, amma ka yi. Akwai ƙaramar manhaja mai suna Recovery Check da ke gwada kalmomin ba tare da gogewa ba, ga wanda ya riga ya zuba kuɗi da yawa.

Wajen turo USDT, kula da layin da za ta bi. Iri ɗaya ce a suna, amma tana tafiya a kan Tron, da Ethereum, da BNB, da wasu. Adireshin Tron da T yake farawa, na Ethereum da BNB da 0x, na Bitcoin na zamani da bc1. Layin da ka zaɓa a dandalin musaya dole ya dace da asusun da ka buɗe. Sannan USDT ba ta biya wa kanta kuɗin mota: a Tron sai da kuɗin layin, TRX, za ka iya fitar da ita, a Ethereum sai da nasa, ETH. Fara tura TRX kamar 30 zuwa 50 cikin sabon asusun, wanda hakan ne ma yake kunna shi. Mutane da yawa sun ɗauka an sace musu kuɗi ko an kulle, ashe kuɗin aikawa ne babu.

Duk lokacin karɓa ko aikawa, abin da allon na'urar ya nuna shi ne gaskiya, ba na kwamfuta ba. Tsohuwar kwamfutarka tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke musanya adireshi a daidai lokacin da ka kwafa ka liƙa. Karanta adireshin a kan na'urar, ka gwada shi da wanda ka liƙa, har da tsakiyarsa. Duba huɗun farko da huɗun ƙarshe kawai ya daina isa, domin ɓarayi suna ƙera adireshi mai farko da ƙarshe irin naka, su turo maka ɗan abin da bai kai kobo ba don ya zauna a tarihin cinikinka, su jira ranar da za ka kwafa daga can.

Abin da na'urar ba za ta iya kare ka daga gare shi ba shi ne sa hannunka. Idan ka haɗa ta da wani shafin rabon kyauta, ka danna amincewa kan abin da allon bai fayyace ba, cinikin biri a sama ka yi, kuma izinin da ka bayar yana iya ba su damar kwashe USDT ɗinka duka. Harkar mainin da farautar kyauta, ka buɗe mata wata walat daban a waya mai ɗan canji a ciki. Wannan ta ajiya ce, karɓa da aikawa kawai.

Ka kuma yi shiru da bakinka. A 2020 an sace bayanan abokan cinikin Ledger, sunaye da adireshin gida da lambar waya na mutum kusan 272,000 suka bazu. Ba a taɓa makullin kowa ba, amma saƙonnin ƙarya suka yi ta zuwa, a 2021 har jabun na'urori aka aika wa wasu ta gidan waya da wasiƙar cewa su musanya tsohuwar. A Janairun 2025 an yi garkuwa da ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin, David Balland, a Faransa. A inda muke ba sai an yi maka dogon bayani kan haɗarin a san kana da dukiyar da ake iya turawa cikin minti ɗaya ba.

Za ka ji ana maganar kalma ta 25. Ƙarin kalmar sirri ce da kai kake ƙirƙira, wadda ke buɗe wani ɓoyayyen asusu daban. Tana da amfani, amma ba ta yafiya: babban baƙi da ƙarami daban ne, tazara ma harafi ce, kuma idan ka yi kuskure ba za a ce maka ka yi ba, asusu marar komai kawai zai buɗe. Shawararmu ka bar ta sai ka yi wata shida hannunka ya faɗa.

Saura wurin ajiyar takardar. Maƙiyanta a wajenmu sanannu ne: gara, ɗigar rufi da damina, gobara, da mai shara da ya ga tsohuwar takarda. Yi kwafi biyu da hannunka, kowanne a cikin leda mai zif, a gidaje biyu daban, kuma kada ɗaya ya kwana a kasuwa ko a jaka ɗaya da na'urar. Idan kuɗin ya yi nauyi, koma farantin ƙarfe marar tsatsa, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 1,400 yake narkewa. Haruffa huɗun farko na kowace kalma sun isa, domin an tsara jerin yadda babu kalmomi biyu da suka yi tarayya a cikinsu. Sayi ƙusoshin buga haruffa da guduma ka buga da kanka. Ba aikin da ake kai wa maƙeri ba ne. Kada ka raba kalmomin gida biyu, 12 nan 12 can, kada kuma ka hautsina jerin da nufin kai kaɗai ka san sirrin. Rabi ya ɓata, ko kai ka manta, shi ke nan.

Sai maganar gado, tunda dukiya ce kuma akwai haƙƙin magada a kanta. Babu banki ko kotun da za ta iya buɗe wannan asusu bayan ranka. Rubuta wasiyya da ba ta ƙunshi kalmomin ba, ta faɗi cewa akwai dukiyar, da irin kuɗin da layin da suke kai, da inda takardar take, da gargaɗin kada a nuna ta ga duk wanda ya ce zai taimaka ta waya. Ka damƙa ta ga amintacce ɗaya, ka kuma zaunar da wanda zai buɗe ɗin ka nuna masa yadda ake maido da asusu, da wata walat ta gwaji mai dala biyar a ciki.